Muhawara: Wa zai hana mai sigari kunna ta a cikin jama'a?

Sagir Kurna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu ilimin doka a cikinmu. Ina da gidan kallon ƙwallo, rufin kwano ne, ƙofa ɗaya da 'yan tagogi ƙanana. Ranar babban wasa benci cika yake yi har wasu su tsaya. To akwai wasu samari, in ƙungiyarsu ta ci ƙwallo su kunna sigari don murna, in an zura musu su kunna don takaici. Fanka kuwa ba ta fitar da hayaƙin, zagaya shi kawai take yi a kan mutane. Na ce zan liƙa takarda an hana, wani ya ce min ba ni da hurumi tunda ya biya kuɗin shiga. Shin akwai dokar da ta tsaya min, ko kuwa ƙarfin hali kawai zan yi?

Barista Hauwa'u: Wa alaikumus salam Malam Sagir. Akwai doka, kuma ba ma tsaya maka kawai ta yi ba, nauyi ta ɗora maka. Dokar taƙaita amfani da taba ta ƙasa ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, dab da saukarsa. Ƙa'idojin aiwatar da ita sai a 2019 majalisa ta amince da su, shi ya sa ta yi shekara huɗu kusan a kwance. Ta hana shan taba a rufaffen wurin da jama'a ke taruwa, da motocin haya har da adaidaita sahu, da makarantu da asibitoci, da gidajen abinci, da filayen wasa da na shaƙatawa, da tashoshin mota. Wanda ya karya, tararsa Naira 50,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Mai wurin kuma wajibinsa ne ya sa alama, ya kuma hana. In ya zuba ido, shi ma ya shiga laifi. Kuɗin shiga da saurayin ya biya na kallon ƙwallo ne, ba na turara mutane ba.

Ɗan Asabe Direba: Barista, Allah ya ƙara girma. Ni dai ina sha, ba zan ɓoye ba. Amma ku gaya min gaskiya: Sagir da janareto yake haska gidan nan ko ba da shi ba? Hayaƙin janareton ina yake tafiya? Ku tsaya bakin titi da yamma ku ga abin da salansar manyan motoci ke fesowa. Mai suya na nan, mai ƙosai na nan, masu ƙona taya a mahauta na nan. Duk ba a gansu ba sai ɗan karan da ke hannuna?

Sagir Kurna: Janaretona a waje yake, Ɗan Asabe, bayan katanga. Da a ciki na ajiye shi da tuni an yi jana'izarmu. Abin da nake nema ke nan daga masu sigari, su ma su fita waje.

Ɗan Asabe Direba: To wannan ka kama ni. Amma sauran fa?

Nas Rabi: Sauran ma cuta ne, ba wanda ya wanke su. Hayaƙin itace na kashe mata a madafi, muna ganinsu. Sai dai wata cutar ba ta halatta wata. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo sankara. Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, wanda ke tashi daga bakin karan yana ci da kansa bai bi ta audugar gindin sigarin ba, haka yake shiga hancin na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ba sa sha amma suke mutuwa saboda shaƙar na wasu sun haura miliyan ɗaya a kowace shekara.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai yara ne masu asma. Za a kawo yaro da tsakar dare, ƙirjinsa na kuka kamar usur, haƙarƙari na lotsawa ciki duk numfashi, uwar ta rungume shi tana salati. Ka sunkuya ka ɗauki yaron sai ka ji rigarsa na warin taba. Ka tambaya, uwar ta sunkuyar da kai ta ce babansa ne, ɗaki ɗaya suke kwana. A sa masa abin shaƙa ya farfaɗo, a sallame shi, bayan 'yan makonni ga shi an dawo da shi.

Maman Khalifa: Anti Rabi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Duk maganar wuraren jama'a ake yi, cikin gida fa? Mata nawa ne ke shaƙa dare da rana ba su da bakin magana?

Barista Hauwa'u: Maman Khalifa, dokar ta shiga har cikin gida. Ta ce ba a shan taba a gidan da akwai wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai a ɗakin da mai shan ke zaune shi kaɗai.

Maman Khalifa: Tabɗi! To wace mace ce za ta yafa mayafi ta je caji ofis ta ce ta kawo ƙarar uban 'ya'yanta kan sigari? Kafin ta dawo takardarta na jiran ta. Wannan sashen dai an rubuta shi ne don takarda ta cika.

Baba Malam Habu: 'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Wannan ba ita ce doka ta farko ba. A 1990, zamanin Babangida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, an yi dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a ofisoshi da silima da asibitoci da makarantu da motocin haya. Gargaɗin nan da kuka taso kuna ji a rediyo bayan tallar sigari, cewa ma'aikatar lafiya ta tarayya na jan kunnen masu sha, daga wancan yunƙurin ya samo tushe. A 2008 kuma Abuja ta shelanta nata hanin lokacin Aliyu Modibbo Umar na minista. Legas ta yi tata dokar a 2014 hannun Fashola, tarar Naira 10,000 ga mai laifin farko. Kun ga dokoki ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Abin da ya tsare mu a da kunya ce. Mun taso saurayi in yana zuƙa ya hango dattijo tafe, sai ya dunƙule karan a tafin hannu ya mayar bayansa, wutar na cin sa ya daure har a gama gaisawa. Wani ya yar ya take da takalmi. Ba ɗan sanda, ba alƙali. Mashayi a unguwa sananne ne, lungu yake nema ko bayan makaranta da daddare. Ko neman aure ya je sai an bincika, in aka ce yana busawa, magana ta yi nauyi. Yanzu yaro sa'an jikana zai busa min a fuska a tasha, in na yi magana ya ce Baba ina ruwanka.

Ɗan Asabe Direba: Baba, Allah ya ja kwana. Ni har gobe ba na sha gaban manya. Mahaifina har ya rasu bai taɓa ganin kara a hannuna ba, ko da yake na san ya sani.

Baba Malam Habu: Allah ya jiƙansa. To kunyar da ka ji ta mahaifinka, ka ara wa fasinjanka kaɗan.

Ɗan Asabe Direba: Amin Baba. Ba na kunnawa da fasinja a mota, sai an tsaya shan mai ko sallah in koma gefe. Tsorona dai ɗaya ne, kuma duk direba ya san shi. Duk dokar da aka ce tararta dubu hamsin, a kan titi dubu biyu take komawa, kuma ba asusun gwamnati za ta shiga ba. Za a ƙara wa masu tare hanya wata ƙofar ci ne kawai. Yau takardun mota, gobe abin kashe gobara, jibi a shinshina bakinka.

Barista Hauwa'u: Wannan tsoron naka gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin duk wanda ya ce a bi mashaya ɗaya bayan ɗaya ana kamawa bai fahimci yadda irin wannan doka ke aiki ba. Ku duba Ayalan. Ita ce ƙasar farko da ta hana shan taba a duk rufaffun wuraren aiki, har da mashaya da gidajen abinci, ranar 29 ga Maris 2004. Mutanen da aka san su da zaman mashaya, kowa ya ce ba za ta yiwu ba. Abin da suka yi shi ne suka ɗora alhakin a kan mai wurin, tara har Yuro 3,000. Jami'in duba lafiya ba ya bin kowane mashayi, wurin yake shiga. In ya ga toka da guntaye, mai wurin zai amsa tambaya. Nan take kowane mai shago ya zama ɗan sandan shagonsa, don ba ya son asara. Mashaya suka koma bakin ƙofa cikin sanyi suna zuƙarsu, ba wanda ya hana su.

A nan ma haka ya kamata. Gidajen kallo, gidajen abinci, otal-otal, wuraren biki, duk suna da mai su, kuma yawancinsu suna sabunta takardar izini. Tasha na da shugabannin ƙungiya da 'yan kamasho, waɗanda in suka ce mota ba za ta yi lodi ba, ba za ta yi ba. Duba-gari na nan a ƙananan hukumomi. Da za a ce sharaɗin sabunta izini shi ne alamar hani a bango da tsabtar wuri daga guntun sigari, da an wuce wurin ba tare da an ɗaure kowa ba.

Nas Rabi: Kuma amfanin ba ya jimawa yake bayyana. Sikotilan ta yi nata hanin a Maris 2006. Da aka bi asibitoci aka ƙirga, masu zuwa da bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 a watanni goma na farko, kuma mafi yawan ragin a cikin waɗanda ba sa sha ne. Wato mutanen da ake cutarwa ba su sani ba.

Isufu na Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar muna da tamu tun watan Mayun 2006, ta riga taku da shekara tara. Ta hana a lakkwal, wato makaranta, a likita, a ma'aikatu, a motocin sufuri. Cikin manyan bas-bas masu zuwa Yamai gaskiya ba ka ganin mai kunnawa, don kamfani ba ya yarda, yaron mota zai sauke ka. Amma ka zo fada da dare, inda samari ke zaune ana dafa shayi, sigari na zagayawa hannu zuwa hannu, ƙanana na zaune gefe ana aikensu sayo wani. Can ba mai wuri, ba mai izini. Wa za a kama?

Barista Hauwa'u: Malam Isufu ka ba ni hujja da bakinka. Inda akwai mai wuri, bas, ta yi aiki. Inda babu, fada, ba ta yi ba. Fada da majalisa a fili suke, iska na ɗauka, cutar ba ta kai ta rufaffen ɗaki ba. A fara da inda ya fi muni kuma ya fi sauƙin kamawa.

Alhaji Tanko Kumasi: Mu a Gana dokar lafiyar jama'a ta 2012 ce ta ɗauki maganar. Amma tun kafin ta, a nan mutum ya kunna sigari cikin tiro-tiro, motar hayarmu, abin kunya ne, matan kasuwa kaɗai sun ishe shi. Sai ya gwammace ya sauka.

Ustaz Nura: Bismillah. Ina ganin akwai abin da ya kamata a raba. Hukuncin shan taba shi kansa malamai sun daɗe suna magana a kai. Tun farkon shigowarta ƙasashen nan, wajen shekara 400 da suka wuce, Ahmad Baba na Tumbuktu ya tafi a kan halasci, wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa. Shehu Ahmadu Tijjani ya hana almajiransa, har yau 'yan ɗariƙa na kan haka. Shehu Bin Baz da malaman Saudiyya sun ce haramun ce. Da likitoci suka tabbatar da cutarta, mafi yawan malaman wannan zamani suka koma kan haramci. To amma ko wanda ya tsaya a kan karhanci bai ce ka cutar da na kusa da kai ba. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallacinmu. Albasa halal ce, wari kawai gare ta, ba ta sa sankara, amma aka ce mai ita ya ja baya saboda jama'a. Ina ga hayaƙin da ke kwantar da yaro a asibiti?

Bala Mai Tireda: Allah ya gafarta Malam, mun ji. Ni tambayata ga Barista ce. An ce wai har sayar da kara ɗaya-ɗaya an hana. Gaskiya ne?

Barista Hauwa'u: Gaskiya ne Malam Bala. Sai kwali a rufe mai kara 20. Kuma ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, ba a kuma sa shi ya sayar. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sake shelanta waɗannan a ranar yaƙi da taba ta duniya, 31 ga Mayun 2017.

Bala Mai Tireda: To wallahi duk mai tireda da mai shayi a garin nan mai laifi ne. Wa ke sayen kwali? Lebura ya tashi aiki ya sayi kara biyu da ashana, ɗan adaidaita ya sayi ɗaya ya haɗa da alawa. In na ce sai kwali, na gaba da ni zai sayar, ya kuma kwashe min masu sayen sukari da madara. Kuma ku duba, in kun tilasta wa mai shan kara uku a rana ya sayi ashirin ya sa a aljihu, kun rage masa ko kun ƙara masa?

Nas Rabi: Ba don lebura aka yi sashen ba, Malam Bala, don ɗan makaranta ne. Yaron da ke da canjin kuɗin tara ba zai iya sayen kwali ba, amma zai iya sayen kara ɗaya. Yawancin masu sha kafin su kai shekara ashirin suka fara. Sannan hoton gargaɗin nan da aka fara sa wa a kwali tun 2021, wanda ya sayi kara ɗaya bai taɓa ganinsa ba. Kai kaɗai kake kallonsa a tireda.

Bala Mai Tireda: Ni ma juya shi nake yi ya kalli bango, ba na son ganinsa ina cin abinci.

Maman Khalifa: Duk kun manta da shisha. Sigari ko ba komai ana jin kunyarta, shisha kuwa gayu ce. 'Yan mata da samari a wuraren shaƙatawa, ana ɗauka ana ɗorawa a waya. Ƙamshin tuffa da na'ana'a, sai yarinya ta ce ai ba taba ba ce, ruwa ya tace.

Nas Rabi: Taba ce tsagwaronta, an jiƙa ta da zaƙi da ƙamshi. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace dafin, sanyin ma shi ke sa a zuƙa da zurfi. Ga gawayin da ke kai yana ba da iskar nan mai guba irin ta janareto. Sigari minti biyar an gama, shisha sai a yi awa ana abu ɗaya a ɗaki rufe, bututu ɗaya na yawo baki zuwa baki.

Sagir Kurna: Ai Kano an hana ta a 2021, hukumar yawon buɗe ido ta jiha ce ta sanar.

Isufu na Damagaram: Kamaru ma ta hana a 2022, Mali ma haka. Ruwanda da Kenya tun 2017.

Ɗan Asabe Direba: An hana a baki. Manyan wuraren da 'ya'yan masu kuɗi ke zuwa, wa ya isa ya shiga? Sai dai a kwashe tukwanen ƙananan shaguna a nuna wa 'yan jarida. Abin da ke sa talaka ya raina doka ke nan. Kuma gwamnatin da ke cewa kar a sha, ita ke karɓar harajin kamfanin taba. Masana'anta na Ibadan tun 2003, ta Zariya kuwa tun kafin a haife mu aka kafa ta. In guba ce a rufe mana, kowa ya huta.

Baba Malam Habu: Ɗana, jihar Kano ma na cikin jihohin da suka kai kamfanonin taba kotu a 2007, tare da Legas da Gombe, suna neman kuɗin jinyar mutanensu. Gwamnati hannu biyu gare ta, ɗaya na karɓa ɗaya na dukan tebur. Amma rufe masana'anta ba zai hana sha ba, ta kan iyaka za ta riƙa shigowa, Isufu ya fi ni sanin wannan.

Isufu na Damagaram: Baba kar ka sa ni magana.

Barista Hauwa'u: Akwai wani rami a dokar tamu da ya fi damuna fiye da duk wannan. Najeriya ta amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, kuma ƙa'idar sashe na 8 na yarjejeniyar ita ce rufaffen wuri ya zama babu hayaƙi ɗungurungum. Tamu dokar sai ta bar ƙofa, ta ce mai wuri na iya ware ɓangaren masu sha. A babban otal mai ɗaki daban da na'urar zuƙe iska ma ba ya tsare hayaƙin gaba ɗaya, balle gidan abincin da aka raba da labule ko aka ce teburan can na masu sha ne. Ma'aikaciyar da ke kai abinci ɓangaren kuma fa? Ita ba ta zaɓa ba, aiki ya kai ta, kuma ta fi kowa daɗewa a ciki. Da ni ake tambaya, wannan sashen za a fara gogewa kafin a yi maganar ƙara tara.

Bala Mai Tireda: Ku goge duk abin da za ku goge. Ni dai yaro in ya zo, ko ya ce babansa ne ya aiko shi, ba na ba shi, na ce uban ya zo da ƙafarsa. Wannan na ɗauka tun ba yau ba. Amma maganar kwali, sai ranar da na ga an hana kowa a layinmu, har da mai shayin da ke kallona.

Nas Rabi: Mai shayin naku yana cikin zauren nan?

Bala Mai Tireda: Ba ya ciki. Turo min lambar admin in sa a saka shi, ku yi da shi.